Akwatin da Ba Ya Kira

Ƙanena, autan gidanmu, shi ya sayo akwatin waifai ɗin a kasuwar Yelwa, a shekarun da manyan wayoyi na shafawa suka fara yawa a hannun mutanen Warra. Ɗan abu ne fari, bai wuce sabulun wanka ba. Ana sa masa layin waya a ciki, shi kuma ya raba wa wayoyin gida intanet. Mun zagaya da shi ɗaki-ɗaki muna neman inda sabis ya fi ƙarfi, ba mu samu ba sai a tagar Inna, wadda take kallon zaure. Inna ta ce ita ba ta gayyaci baƙo ba, amma tunda an ajiye mata shi ba za ta kore shi ba. Tun ranar take kiransa sabulu.

Mu huɗu ne a gidan. Inna, wadda gwiwoyinta suka daina kai ta ko'ina sai bayan gida da tsakar gida. Ni, babbar 'yarta, ina koyarwa a firamare, na dawo gabanta bayan rasuwar mijina. Sai auta da matarsa, wadda har lokacin amarya muke ce mata. Auta direban jirgin ruwa ne mai inji, yana ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin tsallake. Da sassafe yake fita, sai la'asar sakaliya ko dab da magariba ake ganinsa.

A fuskar akwatin akwai ɗan gilashi, idan an danna maɓalli yana nuna adadin wayoyin da suka kama. Inna ba ta yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace mata. Ita ta fara lura da abin da mu ba mu kula da shi ba. Da yamma lambar biyu ce, wayata da ta amarya. Da zarar auta ya iso ƙofar gida ya tsaya gaisawa da dattawan da ke kan dakali, kafin ya yi sallama, sai ta koma uku. Inna ta samu aikin yi. Tana zaune a bakin gado da carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana danna sabulu. Sai kawai a ji muryarta ta taga: "Amarya, ɗumama miya, ga mijinki nan." Amarya ta daɗe tana zaton Inna na da wani abin da ba ta faɗa.

Daɗin bai daɗe ba. Duk wanda ya buɗe wayarsa a layinmu yana ganin sunan waifai ɗinmu, kuma a unguwarmu ba a hana maƙwabci abin da ya gani ya roƙa. Gishiri ne, garwashi ne, filafilin jirgi ne, in ya gani ya tambaya sai ka ba shi, in ba haka ba a ɗauke ka mutumin banza har jikokinka. Aka fara zuwa da sallama ana neman lambar sirri. Masu zama a teburin mai shayi suka gyara bencinsu ya matso jikin katangarmu. Datar da za ta kai mu wata ta riƙa ƙarewa kafin mu ankara. Ni na ce a hana kowa, wanda zai yi fushi ya yi. Auta ba ya iya cewa a'a, ko rigar jikinsa aka roƙa sai dai ya koma gida da singileti.

Wani abokinsa ne ya nuna masa dabarar. Ana shiga cikin saitin akwatin a canza suna da lambar sirri, sannan a ɓoye sunan, yadda waya ba za ta gan shi a jerin waɗanda ke kusa ba. Sai wanda ya san sunan ya rubuta da hannunsa. Auta ya dawo yana murna kamar an ba shi kujerar Makka.

"Yaya, wanda bai gani ba, ba shi roƙo," in ji shi. "Ban hana kowa ba, ban yi ma kowa ƙarya ba."

Haka kuwa aka yi. In wani ya tare shi ya ce ina waifai ɗinku, sai ya ce, "Duba wayarka, ka gane shi?" Mutum ya duba bai gani ba, ya yi masa jaje ya wuce. Bencin mai shayi ya koma inda yake.

Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wayata da ta amarya, in mun fita mun dawo, suna kamawa da kansu. Ta auta ta ƙi. Zai yini a kan ruwa, ya dawo, ya yi wanka, ya zauna a tsakar gida yana cin tuwo, lamba tana nan a biyu. Inna ta leƙo ta taga.

"Har yanzu auta bai dawo ba?"

"Ga ni nan, Inna, har na kusa ƙoshi."

"To sabulunku ya hwara ƙarya."

Gyaran ya faɗo kaina, don ni ce malama, kuma a gidanmu an ɗauka duk wanda ya riƙe alli ya san cikin kowace na'ura. Na kashe waifai ɗin wayar na kunna. Na danna alamar jirgin sama na jira na cire. Na kashe wayar gaba ɗaya na tashe ta. Na cire batirin akwatin na mayar. Abin da ya fi yin aiki shi ne in sa wayar ta manta da waifai ɗin, in sake rubuta sunan daga farko, in zaɓi irin makullin, in sa lambar sirri. Nan take ta kama, auta ya ce Allah ya yi mini albarka, Inna ta ga uku ta gyaɗa kai. Washegari ya fita ya dawo, biyu. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. Akwai yammar da na cilla masa wayar a cinya na ce ya kai ta ruwa ya ba giwan ruwa ta haɗiye. Ya yi dariya ya ce ko giwan ruwa sai ta tambaye shi lambar sirri.

Ranar wata kasuwar Yelwa muka shiga mota tare, da wayar da akwatin, muka je wurin wani mai gyaran waya da ke da rumfa kusa da masu banda. Warin kifi ya kama har tsummokin da yake goge gilashi da su. Ya saurare mu, ya karɓi wayar, ya shiga wani lungu na saitin da ni ban taɓa kaiwa ba. Akwai wurin da ake gaya wa waya cewa wannan waifai ɓoyayye ne, ya danna shi. Ya kashe abin da ke tattalin batir. Sannan ya ajiye wayar ya yi mana bayani.

"Akwatin da ba a ɓoye ma suna ba, kullum shina kira, ga ni nan, ga ni nan. Waya ta ji ta zo. In kun ɓoye sunan, kun rufe mai baki. Wayar ce za ta zo tana kiran sunan, sannan shi amsa. To wasu wayoyi, in sun daɗe cikin aljihu sun yi barci, ba su kira, saurare kawai su kai. Irin taka ke nan. Na taɓa abin da zan iya taɓawa, za ta yi kwana biyu tana kamawa. Amma magani guda ne, ku buɗe sunan."

Na dubi auta. Ya sosa ƙeya ya ce zai yi shawara, na kuwa san shawarar. Ya gwammace ya riƙa haɗa wayar da hannu kullum da ya kalli idon maƙwabci ya ce ba zai bayar ba. A mota na yi ta yi masa faɗa har muka wuce rabin hanya, shi kuwa yana ɓare gyaɗa yana miƙo mini.

Da muka ba Inna labarin mai gyara, ta yi dariya har da tari. "Wato shi ba shi kira, ita ba ta kira," ta ce. "Masu girman kai biyu kunka haɗa mani a taga." Wayar ta yi kwanakinta tana kamawa kamar yadda mutumin ya faɗa, sannan ta koma halinta. Auta yakan haɗa ta da hannu in ya tuna, mafi yawa ba ya tunawa. Inna ta ci gaba da danna sabulunta, in ta ga biyu ta ce ko dai bai dawo ba ko dai ƙaryar ce.

Kowane mai aikin ruwa yana da yadda yake kare wayarsa. Wasu leda suke naɗewa ninki-ninki. Auta wata robar alawa ya samu, mai jan murfi na murɗawa. Yakan sa wayar ciki, ya murɗe, ya ɗaure robar da igiyar taru a ƙugunsa. Amarya takan tsokane shi wai ya fi kula da wayar a kan cikinsa.

Da farkon damina ne. Shi da abokin aikinsa suna dawowa daga tsallake da buhunan masara, babu fasinja, iska ta taso musu a tsakiya. Tafkin cike yake da kututturen itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka yi dam, masu jirgi sun san wurarensu, amma iska ba ta tambayar abin da ka sani. Ta buga jirgin a kan ɗaya ya tsage. Abokin ya rungumi jarka, masunta suka tsince shi. Auta ba a gan shi ba.

Kawu ne ya zo da labarin, ƙanen Inna, masunci ne tun tasowarsa. Ina zaune a tsakar gida ina duba littattafan 'yan ajina. Ya tsaya a kaina ya faɗa. Na ji kowace kalma. Abin da na lura da shi shi ne laka ta bushe a ƙafafunsa har ƙauri, kuma ya shigo mana da ita kan simintin da amarya ta share. Na ce to. Na ƙarasa duba littafin da ke hannuna, na sa maki, na rufe. Ban ji komai ba. Na jira in ji, abin bai zo ba.

Kafin magariba mata sun fara shigowa. Wasu sun zo da tabarmi a kafaɗa, wata ta fara salati da ƙarfi tun daga zaure. Sai muryar Inna ta fito ta taga, irin wadda take yi mana tsawa da ita muna yara.

"Ku naɗe tabarmin nan. Wa yam mutu? Kun ga gawa? Kak wadda ta yi mani kuka cikin gida."

Aka naɗe, aka jingine su a bayan ƙofa. Matan suka fita sumui-sumui suka zauna a gidan maƙwabta. Kawu ya shiga ya yi mata magana a hankali, ta ce ya je ya nemo mata ɗanta, shi ne aikinsa. Liman ya aiko cewa a yi haƙuri a jira abin da ruwa zai nuna. Gidan ya tsaya cak, babu makoki, babu harkar yau da kullum. Wadda abin ya fi rataya a wuyanta amarya ce. In mijinta ya rasu, takaba ta hau kanta, ta cire ado ta zauna a ɗaki. In yana raye, cire adon mugun fata ne. Ta same ni a madafa, hannunta a kan ɗan kunne.

"Yaya, in cire?"

Na ce ban sani ba. Ta bar su, ta koma ta ɗora tukunya, ta dafa abincin mutum huɗu.

Washegari jirage suka fita nema tun da safe, suka dawo da yamma da buhu biyu na masarar da ta kumbura da takalminsa ƙafa ɗaya. Ni na je makaranta. Har yau mutane na mamakin wannan, ni ma ban san dalili ba, ƙafafuna ne suka bi hanyar da suka saba. Shugaban makaranta ya gan ni ya ce in koma gida, na koma. Inna ta yini a bakin gado tana danna sabulu. Da la'asar ta kira ni.

"Ke kin ce wayatai ba ta kamawa da kanta."

"Haka ne, Inna."

"To halan shina kusa, abin ga ne ke ƙarya. Ki gyara."

Raina ya ɓaci, shi ne abu na farko da na ji tun zuwan Kawu, kuma ko shi bai yi ƙarfi ba. Na ce, "Inna, abin nan bai wuce zaure ba. Ko ƙofar mai shayi da ƙyar yake kaiwa."

"Ai ba a kahe shike ga bango ba. Ki ɗauke shi ki kai shi inda auta shike." Ta ɗaga akwatin ta sa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kansa. "Kuma ki buɗe mai baki. Mai gyaran nan ya ce in an buɗe sunan shina kira. Tunda yaron ba shi iya kira, a kira shi."

Na san abin da zan ce. Waifai ba ya ratsa ruwa. Batirin waya ba ya jiran mutum. Tafkin nan ba kududdufi ba ne, akwai inda in ka tsaya ba ka hango tsallake. Ban faɗi ko ɗaya ba. Da Kawu ya ji ya ce mace ba ta shiga jirgin nema, abin da ake tararwa ba na idon mata ba ne. Inna ta ce, "Ni na aike ta." Kawu ya girma a bayanta, ita ta goye shi. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Na sa akwatin a caji har ya cika, na aro fawa banki a wurin wata malamar makarantarmu. Da safe, a bakin ruwa, kafin mu shiga jirgi, na tsuguna na shiga saitin akwatin da wayata. Wurin da auta ya danna ya ɓoye sunan ɗan ƙaramin gida ne mai alama a ciki. Na cire alamar. Watanni muna rigima a kan wannan, bai ɗauke ni komai ba. Na duba jerin da ke wayata, ga sunan nan ya fito fili, kowa na iya gani. Sannan na kashe waifai ɗin wayata don kada ta ruɗe ni. Na danna maɓalli, gilashin ya nuna sifili.

Mu huɗu ne a jirgin, ni da Kawu da masunta biyu abokansa. Ɗaya ya kalli abin da ke hannuna ya tambayi Kawu ko magana yake yi. Kawu ya ce, "Saƙon yayata ne," ba wanda ya ƙara tambaya. Da muka yi nisa sabis ya ɗauke, alamar ta koma ja. Wannan bai dame ni ba, akwatin ba ya bukatar sabis kafin waya ta kama shi, na gane haka tun lokacin gyare-gyarena. Na sa shi a farar leda na ɗaga sama da kaina.

Su suna da yadda suke nema. Sun fara daga kututturen da ya fasa jirgin, suka duba inda iskar ranar ta nufa, suka bi inda kainuwa ta taru. Suna jan igiya mai ƙugiyoyi a bayan jirgi. Suna kallon tsuntsaye. In sun iso gefen ciyawar burugu sai su rage inji, ɗaya ya miƙe da gora yana buɗa ciyawar. Ni kuma hannuna a sama, in ya gaji in canza. Gilashin yana mutuwa da kansa, sai na sauke, na lulluɓe shi da hijabi don rana, na danna, na ga sifili, na sake ɗagawa. Mun wuce ƙauyukan bakin ruwa, mata masu shanya ƙananan kifin warangi suna miƙewa su ce Allah shi bayyana shi. Kawu yana amsawa. A wani wuri ya nuna ruwa da haɓa ya ce a nan ƙarƙashi tsohon garinsu yake, inda aka haife su shi da Inna. Na kalli wurin, ruwa ne kamar ko'ina.

Ina so in ce addu'a na yi ta yi, ko fuskarsa na yi ta gani. Ba haka aka yi ba. Tunanin wake nake yi, wanda na jiƙa na manta ban gaya wa amarya ba. Na yi tunanin ko fawa bankin nan sai na cika shi kafin in mayar. Na ƙirga ɗinkin da ke bayan rigar Kawu. Fatar hannuna ta ƙone da rana, ina kallonta kamar ta wani.

Mun yi azahar a kan wani tsibiri, muka ci ƙuli da ruwa. Masuntan suka ce a juya ta gabas, gefen yamma an duba shi jiya. Kawu ya ce a bi ta yamman dai a fita, ya fi kusa. Muna tafe a gefen wata doguwar ciyawa, inji na tafiya a hankali, na sauke ledar na lulluɓe na danna don kawai lokacin dannawa ya yi.

Ɗaya.

Na zaro wayata na duba, waifai ɗinta a kashe yake. Na tambayi mutanen ko akwai mai babbar waya, duk ƙanana ne masu maɓalli a cikin leda. Na sake dannawa, sifili. Jirgin ya riga ya yi gaba.

"Kawu, kashe inji. Ku koma baya."

Muryata ta fito kamar ina cewa 'yan aji su buɗe shafi na gaba. Ya dube ni, ya kashe. Suka ɗauki filafili suka tuƙa da baya a hankali, ina dannawa, ina dannawa. Ɗaya ta dawo. Na ce su tsaya. Muka gwada gaba kaɗan, ta ɓace. Muka matsa wajen buɗaɗɗen ruwa, ta ɓace. Muka kutsa cikin ciyawar, ta zauna ba ta ƙara motsi ba. Kawu ya karɓi gorar da kansa ya miƙe a goshin jirgi, yana kwantar da burugu dama da hagu. Ciyawar ta fi mutum tsawo, jiya sun wuce ta gefenta ba su shiga ba.

Ni na fara hango jan murfin. Robar tana yawo a tsakanin ciyawa, igiyar ta miƙe ta yi ƙasa.

"Juya bayanki," in ji Kawu.

Na juya. Na ji ɗaya ya sauka cikin ruwan, na ji innalillahi daga bakuna uku, na ji jirgin ya karkata ya daidaita. Ina zaune ina kallon tsallake, akwatin a cinyata. Da gilashin ya mutu sai in danna, ɗaya tana nan.

Wanda ruwa ya riƙe har haka ba a shiga da shi gari. A tudun bakin ruwa mafi kusa ake yi masa sutura. Ɗaya daga cikin masuntan ya tafi da jirgin ya ɗauko liman da likkafani da mazan unguwa. Ni aka zaunar da ni nesa a gindin wata bishiya, Kawu ya yanke igiyar ya kawo mini robar. Ban buɗe ba. Ta jikin robar ana ganin wayar, a bushe, ko ɗigo bai shiga ba. Ina nan zaune har jirage suka iso cike da mutane, na ga sun yi sahu, na ji kabbarori. Wani lokaci a tsakanin nan batirin wayar ya ƙare, don da na danna akwatin sifili na gani. Yunwa nake ji sosai, ita kaɗai na iya tantancewa a jikina.

Rana ta yi sanyi muka iso gida. Duk unguwa ta sani, mata sun cika ƙofar maƙwabta, amma ba wadda ta yi ƙarfin halin shiga wurin Inna. Kawu ya ce shi zai faɗa mata. Da muka shiga zaure sai ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya ce in ba shi minti ɗaya. Na gane ba zai tashi ba, na wuce.

Amarya tana tsaye a bakin madafa. Ta ga robar a hannuna. Ba ta yi kuka ba, ta dubi ƙofar ɗakin Inna tana jira.

Inna tana bakin gado, ta ba ƙofa baya, tana fuskantar tagar da babu komai a kanta. Na yi sallama ta amsa ba ta juyo ba. Na durƙusa. Duk hanya ina shirya yadda zan fara, da sunan Allah, da haƙuri, da kowa lokacinsa yake jira. Ba ta bar ni na fara ba.

"Ta kama?"

"Ta kama, Inna."

"Da kanta? Ba ke kinka haɗa da hannu ba?"

"Da kanta."

Carbin da ke hannunta ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya. A waje ina jin akuyar maƙwabta da ƙarar wani babur da ke wucewa.

"To," ta ce. "Ku shimhiɗa ma mutane tabarmi. Ki ce ma yarinyar nan ta shiga ɗaki."